Karen da Ke Shiga Jirgi da Karen da Ke Gadin Gona

Duk ɗan Arewan da ya taɓa aikin gadi ko tuƙi a gidajen masu hali na Ikoyi ko Ikeja, ko na Bodija a Badun, ya san irin hidimar da ake yi wa kare idan maigida zai ƙaura zuwa Ingila ko Amurka. Tun watanni kafin tafiya ake kai shi wurin likitan dabbobi, a yi masa allura, a ɗebi jininsa, a saya masa keji, a cika takardu. Labarin yakan zama abin dariya a majalisun Sabo da Agege da Idi-Araba, a ce ga kare ya sami fasfo alhali mai gadinsa ko jirgi bai taɓa shiga ba. Dariyar tana da dalili, gama kuɗin da ake kashewa a kan kare ɗaya ya isa ya ciyar da gida guda na tsawon lokaci. Amma idan an gama dariya, ya kamata jama'a su tsaya su dubi abin da ya sa waɗannan ƙasashe suka tsananta haka, domin darasin da ke ciki ya shafi 'ya'yan talakawa fiye da karnukan masu kuɗi.

Ga yadda dokar take. Karen da zai shiga Ingila daga Nijeriya sai an fara sa masa wata 'yar na'ura mai kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ke ɗauke da lambarsa, don kada a musanya shi da wani. Sa'an nan a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Bayan kwana 30 a ɗebi jininsa a aika ɗakin binciken da hukumominsu suka amince da shi, a tabbatar allurar ta kama. Ko da sakamakon ya yi kyau, sai an jira wata uku daga ranar da aka ɗebi jinin kafin ya tashi. Dab da tafiya kuma a ba shi maganin tsutsar ciki. Kejin da za a sa shi dole ya isa ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, za a killace karensa a can, shi ne kuma zai biya kuɗin killacewar. Wannan ma sauƙi ne aka yi, domin kafin 2012 karen da ya fito daga ƙasa irin Nijeriya wata shida cur yake yi a killace.

Amurka kuwa a watan Yuli na 2021 ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe fiye da 100, har da Nijeriya, bayan da aka yi ta kama takardun allura na jabu. Daga ranar 1 ga Agusta 2024 ta kafa sabuwar doka: kare ya kai wata shida da haihuwa, yana da na'urar nan ta lamba, idan kuma a ƙasa mai yawan ciwon aka yi masa allura, to ko dai a nuna sakamakon gwajin jini ko kuma a killace shi kwana 28. Ba kowane filin jirgi ma zai sauka ba.

Abin da suke tsoro ciwo ɗaya ne tak, watau ciwon haukan kare. Ingila ta rabu da shi tun 1922, Amurka ta bayyana cewa ta kawar da irin wanda karnuka ke yaɗawa a 2007, kuma ba sa son ya koma musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba. Idan ta shiga ta wurin cizo sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkiri ne ke yaudarar mutane: rauni ya warke, an manta da zancen, sai wata rana yaro ya fara zazzaɓi da firgita, ya kasa haɗiye ruwa ko da ƙishirwa na kashe shi. Daga nan kuwa babu likitan da ke da magani.

To, a koma gida a dubi Kwadon, wanda ke kan hanyar Gombe zuwa Dadin Kowa da Biu, cikin Ƙaramar Hukumar Yamaltu-Deba. 'Yan gwarin Mile 12 da na Shasha sun san garin, domin daga kasuwarsa ake loda tumatir da tattasai da albasa zuwa Kudu. A gonaki da lambunan da ke kewaye da shi, da rugagen Fulani, da gidajen mafarauta, akwai karnuka masu aiki na gaske. Su ke korar ɓarawo da dare, su ke tsaron garke, su ke bin mafarauci daji. Addinin Musulunci ma ya halatta ajiye kare don farauta da tsaron gona da dabbobi, saboda haka ba abin kunya ba ne a yi zancensu a fili. Sai dai a ƙauyukan Arewa ba safai ake samun mai kare da zai iya nuna katin allura ba. Karen yana yawo a sake, yana haɗuwa da na maƙwabta da na daji, da rana kuma yara ke jifansa ko wasa da shi a hanyar makaranta da ta rafi.

Bugu da ƙari, karnukan Arewa su ma matafiya ne, sai dai a bayan mota suke tafiya. Kasuwar Dawaki da ke Ƙaramar Hukumar Kanke a Jihar Filato ta yi suna wajen cinikin karnuka. Ana tattaro su daga jihohin Arewa da ƙasashe maƙwabta, a cusa su cikin keji, a yi Kudu da su zuwa wajajen Kalaba da Uyo, inda ake cin namansu. Wannan sana'a ce da mutane ke ci da iyalinsu da ita, ba a nan laifin yake ba. Laifin shi ne yawancin dabbobin nan babu wanda ya duba lafiyarsu, kuma likitocin dabbobi na ƙasar nan sun sha samun ƙwayar ciwon a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka waɗanda a ido lafiyarsu ƙalau. Kare ɗaya na mai kuɗi sai ya cika sharuɗɗa na wata huɗu kafin ya ƙetare teku, amma mota cike da karnuka takan ratsa jihohi da dama ba a nemi takardar kowa ba.

Wani zai ce Turawa suna da kuɗi, talakan Gombe kuwa yana fama da zazzaɓin sauro da tsadar taki, ina shi ina allurar kare? Maganar tana da nauyi, amma lissafinta bai fita ba. Allurar kare ita ce hanya mafi araha. Allurar da ake yi wa mutum bayan cizo sau da yawa ake yinta cikin makonni, kuɗinta ya ninka na kare nesa ba kusa ba, kuma ba kowane asibitin ƙauye ke da ita ba. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura a kai a kai, ciwon yakan daina yaɗuwa. Ba sabon ilmi ba ne, gama tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro a Faransa da allurarsa. Ba kuma sai an je Turai neman magani ba, domin Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka wajibi ne Gwamnatin Jihar Gombe da ƙananan hukumominta su mai da allurar karnuka aikin kowace shekara, a bi gari gari da ruga ruga, a ba kowane mai kare katinsa. A nemi hannun hakimai da dagatai da sarakunan mafarauta da arɗoɗi, domin su suka san gidan da ke da kare. A ajiye allurar mutane a manyan asibitoci kan farashin da manomi zai iya biya. Motar da ta ɗauko karnuka kuma a nemi takardar likitan dabbobi kafin ta bar jiha. Ƙasashen duniya sun ɗauki alkawarin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan ciwo kafin 2030, kuma lokaci ya ƙure.

'Yan ci-rani da mazauna Kudu su ma suna da nasu aikin. Wanda ke aika kuɗin taki da na makaranta gida, ya ƙara da na allurar karen gona, daga ɗan wata uku zuwa sama, a kuma maimaita kowace shekara. Ƙungiyoyin 'yan gwari da sarakunan Hausawa na Sabo suna iya ɗaukar nauyin rana guda ta allura a garuruwansu na asali, ko a 28 ga Satumba, ranar da duniya ta ware don yaƙi da ciwon. Sa'an nan a sanar da iyali a gida cewa idan kare ya ciji yaro ko ya yage shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya neman gashin karen ko jiran a ga abin da zai faru. Idan karen gida ne kuma ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a ɗaure shi kwana 10 likitan dabbobi ya duba shi. Mai gadin da ke kula da karen maigida a Ikko kuwa, haƙƙinsa ne ya nemi ganin katin allurar kafin ya sa hannu a kansa.

Allah Ya kare jama'a da zuriyarsu, Ya kuma ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.