RA'AYI: Firgi, baƙar lakar Borno da masu tsara manufofi suka ƙi karanta halinta

Duk matafiyin da ya bar Maiduguri ya nufi gabas ta hanyar Mafa da Dikwa zuwa Gamborun Ngala, zai ga lokacin da ƙasa ta sauya kama. Rairayi ya ƙare, tudu ya ɓace, itatuwa sun yi ƙaranci, sai wani shimfiɗaɗɗen fili na baƙar laka da ido ba ya ganin iyakarsa. Barebari na kiran wannan ƙasa firgi. Ita ce ta mamaye yawancin ƙananan hukumomin Dikwa da Marte da Ngala da Kala-Balge, ta tsallaka iyaka zuwa arewacin Kamaru da Chadi. Yanzu da gwamnatoci ke maganar mayar da 'yan gudun hijira garuruwansu da farfaɗo da noma a yankin, ya kamata a fara da tambayar da aka saba tsallakewa: wace irin ƙasa ce mutanen nan za su koma kanta, kuma me take karɓa, me take ƙi?

Asalin firgi ruwa ne. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi wani makeken teku ne da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 300,000. Gaɓarsa ta wancan zamani tana nan har yau: ita ce doguwar jigawar da ta ratsa ta Maiduguri da Bama, wadda masana ke kira Tudun Bama. Da ruwan ya riƙa ja da baya, sai ya bar fadamu da tafkuna marasa zurfi, inda lallausar laka ta yi ta kwanciya shekara da shekaru. Shi ya sa filin ya daidaita kamar faifai, shi ya sa kuma babu dutse a cikinsa. Graham Connah, masanin tarihin ƙarƙashin ƙasa da ya haƙa tudun Daima kusa da Ngala a shekarun 1960, ya nuna cewa mutanen farko da suka zauna a wurin daga nesa suke kawo dutsen da suke aiki da shi.

Masana kimiyyar ƙasa na sanya firgi cikin rukunin da suke kira batisol, wato ƙasa mai juya kanta. Sharaɗin shiga rukunin shi ne yumɓu ya kai aƙalla kashi 30 cikin 100 na jikin ƙasar, kuma a wurare da yawa na firgi ya wuce rabi. Yumɓun nata ma na daban ne, domin irin wanda yake kumbura ne idan ya sha ruwa, ya tsuke idan ya bushe. Da rani ƙasar takan dare, ta yi tsagogi masu zurfi da hannu zai iya shiga ciki. Ɓarɓashin sama ya riƙa zubawa cikin tsagogin. Ruwan farko na damina ya bi ta nan ya gangara can ƙasa, lakar ta kumbura, tsagogin su rufe, abin da ya zuba ciki ya turo na ƙasa zuwa sama. Ta haka ƙasar ke garwaya kanta ba tare da garma ba. Da zarar ta rufe kuwa, ruwa ba ya ƙara ratsa ta sai da ƙyar, sai ya kwanta a sama.

Baƙin launinta yakan yaudari baƙo, ya zaci ƙasa ce mai cike da ruɓaɓɓen ganye da taki. Gaskiyar ita ce sinadarin naitirojin ya yi mata ƙaranci, haka ma fosfaras ɗin da shuka za ta iya zuƙa. Ƙarfinta yana wurin riƙe danshi da riƙe abincin shuka idan an ba ta. Rauninta kuma shi ne tana karkata ga kanwa, kuma a wasu wurare gishiri yana kwance a cikinta, yana jiran ruwan da zai taso da shi.

Yanayin yankin ne ke kaɗa wa wannan ƙasa ganga. Damina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, mafi yawan ruwan kuma a Yuli da Agusta yake sauka. Sauran watannin shekara rana ce da iskar hunturu da zafin bazara. Saboda filin ba shi da gangara, ruwan sama da ambaliyar koguna irin su Yedzaram da El Beid sukan bazu a kansa su zauna makonni. A wannan lokaci firgi taɓo ce mai kama ƙafa da tayar mota, har garuruwa irin su Rann su yanke daga sauran jihar ta hanyar mota. Bayan 'yan watanni kuma ta bushe ta yi taurin da fartanya ke tsalle a kanta. Tsakanin taɓon da taurin akwai ɗan gajeren lokaci da ƙasar ke yarda a taɓa ta. Dukkan hikimar zama a firgi ta taru ne a kan sanin wannan lokaci.

Barebari da Larabawan Shuwa da Kotoko sun daɗe da saninsa. Garuruwansu na dā a kan tuddai suke, sama da inda ruwa ke kaiwa. Amsar da suka bai wa ƙasar a fagen noma kuwa ita ce masakwa, dawar da ake dasawa bayan damina. Manomi yakan tayar da ƙananan kunyoyi kewaye da gonarsa domin su tare ruwan sama ya jiƙa lakar sosai. Wajen watan Agusta yakan yafa iri a wani ɗan tudu mai rairayi. Idan ruwa ya janye a Satumba ko Oktoba, sai a share ciyawa, a huda ƙasa da ƙaƙƙarfan turke mai tsini, a zuba ɗan ruwa a ramin, a dasa tsiron da aka rage wa ganye, a bar tazara mai faɗi tsakanin rami da rami. Daga nan babu ruwan sama, babu ban ruwa. Shukar takan rayu da danshin da lakar ta ɓoye, ta nuna a cikin sanyin hunturu, a girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu, lokacin da rumbunan wasu yankuna suka fara yin ƙasa. A arewacin Kamaru Fulani na kiran wannan dawa muskuwari, ƙasar kuma karal. A Chadi ana ce mata berbere. A can ta zama ginshiƙin abincin yankuna da dama.

Gwamnatin Najeriya ta zo wa firgi da wata amsa dabam. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, aka kuma ɗora mata Shirin Noman Rani na Kudancin Chadi, mai cibiya a Sabon Marte. An tsara shayar da kimanin hekta 67,000 da ruwan tafkin, ta hanyar doguwar magudana da manyan injinan tura ruwa a Kirenowa, domin a noma alkama da rani, shinkafa da damina. An yi lissafin ne da tafkin shekarun 1960, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963. Fari na shekarun 1970 da na 1980 ya rage ruwan kogunan Shari da Lagon, waɗanda su ne ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga tafkin. Tafkin ya janye daga bakin magudanar, injina suka tsaya a kan busasshiyar ƙasa, kuma ɗan ƙaramin kaso ne kawai na filin da aka tsara aka taɓa nomawa. An karanta daidaituwar filin, an karanta yadda lakar ke riƙe ruwa, amma an manta cewa ƙasa da yanayinta abu ɗaya ne, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya.

Masu goyon bayan manyan ayyukan noman rani suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Najeriya na kashe maƙudan kuɗin waje wajen sayo alkama, sanyin hunturun Borno kuma na cikin mafi dacewa da ita a ƙasar nan. Suna iya nuna Jazira ta Sudan, inda tun 1925 ake shayar da irin wannan baƙar laka daga madatsar Sennar, ko gonakin rake na Numan a Jihar Adamawa, waɗanda su ma a kan laka mai darewa suke. Sai dai Jazira ta dogara ne da Shuɗin Nilu da madatsar da ke tara ruwansa, ba da tafki marar zurfi da gaɓarsa ke tafiyar kilomitoci tsakanin shekara da shekara ba. Sannan shayar da ƙasar da ruwa ba ya ratsa ta, a wurin da rana ke ƙafar da ruwa da sauri, yana buƙatar magudanan fitar da ruwa da awon kanwa da gishiri a kai a kai. Inda aka yi sakaci da wannan, gishirin kan taso sama, gona ta koma fako, gyaranta kuma ya fi buɗe ta tsada. Noman rani mai yiwuwa ne a firgi, amma bisa sharuɗɗan da ƙasar ta gindaya.

Ita ma masakwa tana da nata matsalolin. Amfanin da take bayarwa a kowace hekta bai kai na gonar da ake shayarwa ba. Dashenta aiki ne mai cin ƙarfi da ke buƙatar hannaye da yawa cikin 'yan makonni. Tsuntsayen jan-baki da tsutsar kara sukan yi mata ɓarna, shekarar da ruwa bai kwanta sosai ba kuma sai a rage faɗin gona. Amma duk waɗannan matsaloli ne da bincike zai iya sassautawa, kuma nan ne rashin adalcin yake. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri an fi saninta da aikin alkama da gero da sha'ir. Dawar da ba ta buƙatar fetur ko dizal ko injin ban ruwa, wadda mai komawa gida da hannu biyu zai iya nomawa a shekararsa ta farko, ita ce ba a cika jin sunanta a jawaban kasafin kuɗi ba.

Haka batun yake a wajen taki. Shirin takin zamani na fadar Shugaban Ƙasa da aka ƙaddamar a ƙarshen 2016 ya yawaita samar da NPK 20:10:10, ya kuma sauƙaƙa farashinsa na wani lokaci. Amma buhu ɗaya ba zai zama maganin jigawar Gumel da jar ƙasar kudancin Kaduna da lakar Marte a lokaci guda ba. Takin da aka watsa a kan firgi bayan samanta ya bushe ba ya isa ga saiwa, wanda aka zuba kafin ambaliya kuma ruwa kan tafi da rabonsa. Tun 2017 akwai dokar da ta kafa Cibiyar Kimiyyar Ƙasa ta Najeriya. Aikin da ya fi cancanta a gani daga gare ta a wannan yanki shi ne taswirar da za ta nuna wa malamin gona inda laka ta yi zurfi, inda kanwa ta yi yawa, da inda rairayi ya kutso.

Injiniyoyin hanya ma suna da darasi a nan. Ƙasar da ke kumbura da damina ta tsuke da rani tana ɗaga kwalta ta sauke ta kowace shekara, har ta farfashe. Haka take yi wa harsashin gini da kwalbati da bututun ruwa. Hanyoyin magance wannan sanannu ne: a kwashe lakar zuwa wani zurfi a cike da marmara ko tsakuwa, ko a gauraya ta da farar ƙasa ko siminti domin a kashe kumburin, a ɗaga hanyar sama da matakin ambaliya, a wadata ta da mafitar ruwa. Duk wannan na da tsada a yankin da dole a ɗauko kowane dutse daga nesa. Kwangilar da aka yi wa farashi kamar a kan tudun Jos za a shimfiɗa hanyar, asara ce tun daga ranar sanya hannu. Hukumar Raya Arewa maso Gabas da gwamnatin Jihar Borno, waɗanda ke gina gidaje da makarantu da asibitoci a garuruwan da ake sake tsugunar da jama'a, ya wajaba su sanya awon ƙasa ya zama sharaɗin farko na kowane gini, su kuma duba dalilin da ya sa magabata suka zaɓi tuddai.

Tsaro na gaba da komai, domin gonakin masakwa sukan yi nisa da gari, kuma manomin da ba zai iya fita a makonnin dashe ba ya rasa shekarar baki ɗaya. Saboda haka jadawalin ba manoma kariya a wannan yanki bai kamata ya ƙare da ƙarewar damina ba, kamar yadda tunanin da aka gina kan noman gero da masara zai ɗauka. A firgi, Oktoba ne watan shuka, Fabrairu kuma kaka. Haka rabon iri da bashin noma da kayan agaji ya kamata su bi wannan kalanda. Akwai kuma gaggawa ta wani ɓangaren: yaran da suka girma a sansanonin Maiduguri sama da shekaru goma ba su taɓa riƙe turken dashe ba, dattawan da suka san wace gona ce ke riƙe danshi, wane iri ne ya dace da ita, suna ta raguwa. Tattara irin masakwa na gargajiya da ilimin da ke tare da shi aiki ne da Jami'ar Maiduguri da cibiyoyin bincike za su iya farawa da kuɗi kaɗan.

Hausawa na cewa sai hali ya yi daidai ake abota. Mutanen firgi sun zauna da wannan ƙasa kusan shekaru 3,000 saboda sun daidaita halinsu da nata. Shirin gwamnati mafi girma da aka taɓa kawo mata kuwa bai yi shekaru goma yana aiki yadda aka tsara ba. Duk wanda zai sake zuba dukiyar jama'a a tsakanin Dikwa da bakin tafki, ya kamata ya auna waɗannan lissafai biyu kafin ya amince da taswirar ɗan kwangila.