Darasin Bakolori: Haƙƙin Gona Da Haƙƙin Ruwa

 Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako muna so mu waiwayi wani babban aiki da Gwamnati ta yi domin ƙara yawan hatsi a ƙasar Zamfara da Sakkwato, watau madatsar ruwa ta Bakolori. Tun da yake har yau ba a daina shirya irin waɗannan ayyuka ba, wajibi ne a san abin da ke gyara su da abin da ke ɓata su.

Dattawa ba su manta da farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974 ba, lokacin da dabbobi suka hallaka, rumbuna suka zama wayam. Wannan ya sa hukuma ta ga cewa dogara ga damina kaɗai ba zai ciyar da jama'a ba. A 1973 aka kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, a 1974 aka soma gina madatsar a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka gama ta a 1978. Nufin shi ne a shayar da fili mai faɗin hekta 23,000, a riƙa noma shinkafa da alkama da masara rani da damina. A cikin wannan zamani ne kuma Janar Obasanjo ya buɗe shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shugaba Shehu Shagari ya kawo nasa shirin bunƙasa noma a 1980.

Babu mai musun kyawun wannan niyya, gama samar wa al'umma abinci nauyi ne a wuyan shugabanni. Sai dai kyawun niyya ba ya kankare haƙƙin wani, kuma a Bakolori an taɓa haƙƙoƙi biyu.

Na farko haƙƙin gona ne. Tafkin ya haɗiye ƙauyuka da gonaki, aka tashi dubban mutane. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban-ruwa kuwa aka hana su shuka yayin da ake baje ƙasa, aka sare itatuwan da suke amfana da su, diyya kuma ta yi ta jinkiri, wadda aka biya ma ba ta gamsar da su ba. Da kuka ya ƙi jin magani sai manoma suka tare hanyoyin aiki. A watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka zubar da jinin talakawa masu yawa. Malaman fiƙihu sun halatta wa shugaba ya karɓi mallakar mutum saboda maslahar jama'a, amma da sharaɗin ya biya kimarta cikakkiya. Hujjarsu ita ce aikin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, sa'ad da ya faɗaɗa Masallacin Makka: ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi karɓar kuɗi kuma ya ajiye musu a baitulmali har suka zo suka karɓa. To, in Ɗakin Allah bai ci gidan wani kyauta ba, ina ga gonar shinkafa?

Na biyu haƙƙin ruwa ne. Kafin a tare kogin, kowace damina yakan cika ya malale fadamun da ke ƙasa da shi, a noma shinkafa, in ruwa ya janye a yi lambu, masunta kuma su sami kifi. Da aka tare shi sai malalar ta ragu, mutanen fadama da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci. Ashe wani sashe na abin da aka ƙara a sama an rage shi ne daga bakin na ƙasa. Hukuncin Shari'a kuwa sananne ne: na sama ya shayar da gonarsa gwargwadon bukata, sa'an nan ya saki ruwa ga na ƙasa, ba shi da ikon riƙe shi har ya cutar da maƙwabcinsa.

Bayan wannan kuma aikin kansa bai kai inda aka yi zato ba. Babban ɓangaren da aka shirya shayarwa da injunan feshi ya tsaya, magudanai suka cike da laka da ciyawa, har sai da aka nemi rancen Bankin Duniya a 2014 domin a gyara Bakolori da wasu 'yan'uwanta. Abin da mutum bai ɗauka nasa ba ne, da wuya ya tsare shi.

Amma kada manomi ya ce shi ba shi da nasa nauyi. A 2015 aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Jihar Kebbi, daga baya ya bazu a ƙasa, sai aka sami waɗanda suka ci bashin suka ƙi biya, wai rabonsu ne daga arzikin ƙasa. Wannan cin amana ne, gama bashi bashi ne ko na hukuma ne. Haka nan a fitar da zakka in an kai nisabi: ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga abin da aka shayar da inji da wahala.

Saboda haka muna kira ga masu iko: kafin a sa katafila a gonar talaka, a zauna da shi, a biya shi tun da wuri, a kuma lissafa da mutanen ƙasan kogi. A tsare masa hanyar gona daga 'yan bindiga, gama taki da iri ba su amfanar wanda ya kasa fita daji. Allah Ya ba shugabanninmu ikon adalci, Ya ba mu damina mai albarka, amin.