Limanci a Zongon Kumasi: ilimi ake dubawa ko asali?

Tun da aka gyara Babban Masallacin Kumasi aka sake buɗe shi a 2023, Dakta Mahamudu Bawumia da Otumfuo Osei Tutu II suna wurin, kowa sai yabon gini yake yi. Gini kam ya yi kyau. Ni abin da ya dame ni shi ne maganar da muke yi ƙasa-ƙasa a Aboabo da Asawase, amma ba ma yin ta a gaban manya: idan liman ya rasu, wa ake sa wa a gaba, kuma don me?

Mu Hausawa mun san yadda muka samu wannan matsayi. Bayan Turawan Ingila sun ci Tonawa a 1900, fatake da malamai da tsofaffin sojoji daga ƙasar Hausa suka cika Zongo. Turawa suka riƙe Sarkin Zongo Bahaushe a matsayin kan dukkan baƙi, su Mosi da Wangara da Dagomba da Yarbawa kowa da sarkinsa a ƙarƙashi. Karatun allo da Hausa, tafsiri da Hausa, ciniki da Hausa. To daga nan limanci ya bi sarauta, har ya zama kamar gadon gida.

Wanda ya ce abin bai taɓa jawo mana fitina ba, bai tambayi tsofaffi ba. A shekarun 1950 rikicin Babban Masallaci ya raba Zongo biyu, masu bin CPP ta Nkrumah da masu bin Muslim Association Party, kowane ɓangare da limamin da yake so. A 1957 gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan zuwa Najeriya, da suka kai ƙara kotu sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu. A wannan shekarar ce kuma Musulmin Ga suka kafa Ghana Muslim Mission a Accra, kuma cikin dalilansu har da gajiya da bin baƙi a komai. Da Busia ya fito da dokar korar baƙi a Nuwamba 1969, mu ne aka ce wa ba 'yan ƙasa ba. Abin mamaki, wanda ya sha wannan ɗacin shi ne yau yake ce wa Bamosin da aka haifi kakansa a Kumasi wai “ba ɗan gida ba ne”.

Ba kullum ake faɗi ɓaro-ɓaro ba. Sai a ce Hausarsa ba ta fita, ko ba a san malamin babansa ba, ko jama'a ba za su natsu a bayansa ba. Yaro ya je Madina ko Azhar ya yi shekaru, ya dawo da haddar Alƙur'ani, sai a ba shi ladanci a tuna masa da darajar Bilal. Ba wanda ke tuna Salim, 'yantaccen bawan Abu Huzaifa, wanda ya ja Muhajirai salla a Ƙuba, Sayyidina Umar yana cikin sahu, don ya fi su Alƙur'ani. Ai littattafan fiƙihun da muke karantawa a zaure ma sani da tsoron Allah suka sa a gaba.

Gaskiya akwai hujjar da ba zan raina ba. Limanci a Zongo ya wuce jan salla: ɗaurin aure, suna, jana'iza, raba gardamar gado, zama da Sarkin Zongo, zuwa Manhyia idan magana ta taso. Ana bukatar mutumin da gidaje suka sani, kuma ɗan liman da ya tashi yana riƙe wa babansa buta ya koyi abin da jami'a ba ta koyarwa. Amma a wuraren nan ne goro da sadaka suke, shi ya sa nake ganin wani lokacin abincin gida ake karewa da sunan al'ada.

Babban gwajin yana tafe. Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919, shi ne Babban Limamin Ƙasa tun 1993, Allah ya ƙara masa lafiya. Girmansa ya rufe ɓaraka da yawa. Ƙidayar 2021 ta ce Musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne na Ghana, kuma Hausawa tsiraru ne a cikinsu. Mutanen Tamale da Wa, da Asante Nkramo, da Ahlus Sunna, kowa yana kallon kujerar. Shawarata ita ce Majalisar Sarakunan Zongo da malaman Kumasi su fara daga gida: kowane masallacin Juma'a ya rubuta sharuɗɗan limanci da na'ibi, a san masu zaɓe da sunayensu, a karanta wa jama'a bayan salla tun liman yana da rai.