Kalma Ɗaya, Ma'ana 645: Me Za Mu Rubuta A Kan Allo?

Akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida a darasin Turanci na makarantunmu na firamare, wadda muka taras, su ma waɗanda suka koyar da mu sun taras da ita. A ja layi a tsakiyar allo, a jera kalmomin Turanci a hagu, a jera fassararsu a dama, yara su kwafa, su rera, su haddace, ranar Juma'a a yi gwaji. Kowace kalma da ma'anarta guda, kamar kowace ƙwarya da murfinta. Ra'ayinmu shi ne wannan al'ada tana cutar da yara fiye da yadda take taimakonsu, kuma kalma ɗaya tak ta isa hujja.

Kalmar ita ce "run". Babu ɗan aji uku da bai san ta ba, kuma duk wanda aka tambaya zai amsa da ƙarfi cewa gudu ce. Bai yi ƙarya ba. Amma da masu babban ƙamusun Oxford suka sake bitar wannan kalma, aikin da ya ɗauki editansu Peter Gilliver wata 9, aka kammala a 2011, sai suka ƙirga mata ma'ana 645, a matsayinta na aikatau kawai. Kafin nan kalmar "set" ce ke riƙe da kambi, da ma'ana 430 a bugun 1989. Zamanin injuna ya taimaka wa "run" ta wuce ta, domin a bakin Bature jirgin ƙasa yana "run", injin niƙa yana "run", manhajar kwamfuta ma haka.

To, mu dubi halin yaron da aka ɗora a kan cewa "run" gudu ce, ba ƙari. Ya buɗe littafin karatu ya ga "My mother runs a shop". A iya saninsa, ko dai uwar ta tsere daga shagon, ko kuwa shagon ne ya ari ta kare, alhali cewa aka yi ita ke tafiyar da shi. Gaba kaɗan ya ga "He will run for governor", wato zai tsaya takarar gwamna. Abin da Bature ya kira gudu, Bahaushe ya kira shi tsayawa! Sai "We have run out of chalk", alli ya ƙare mana, jimlar da kowane malami ya san zafinta. Sai "The baby is running a temperature", jaririn yana zazzaɓi. Sai "This road runs to Zaria", hanya ce ta miƙe har Zariya ba tare da ta motsa ko taku ɗaya ba. Yaron ya san kowace kalma a cikin waɗannan jimloli, amma bai fahimci ko ɗaya ba. Daga nan ne yake yanke wa kansa hukuncin cewa kansa ba ya ja, ko kuwa Turanci harshe ne na aljanu. Idan sakamako ya fito, a ce malaman firamare ba su aiki.

Abin takaicin shi ne, babu yaron da ya fi ɗan Bahaushe cancantar gane wannan sirri, domin da shi ya tashi. Tun kafin a sa shi makaranta ya san ana cin tuwo, ana cin kasuwa, ana cin bashi, ana cin amana, ana cin zaɓe, ana cin jarrabawa, ana cin mutum tara, kuma da ɗan gari akan ci gari. Bai taɓa zaton an tauna kasuwa an haɗiye ba. Ya san ana shan ruwa, ana shan iska, ana shan wahala, ana shan kaye. Duk wanda ya taɓa buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ya ga irin filin da kalmar "ci" ta cinye a ciki. Ita kanta gudun, ai ba ta tsaya ga ƙafa ba. Muna da gudun hijira, da gudun duniya, da gudummawa, da agogon da ke gudu. Ruwa yana gudana, shugaba kuma yana gudanar da mulki. Ashe inda Bature ya ce uwar yaro tana "run" ɗin shago, Bahaushe ma cewa ya yi tana gudanar da shi. Hanyar tunanin ɗaya ce. Malamin da ya fara darasi da tambayar yara su kawo masa "ci" iri goma, kafin ya rubuta "run" a allo, ya gama rabin aikinsa cikin minti biyar.

Batun kalmomi masu kusancin ma'ana shi ne ɗaya ɓangaren, kuma a nan ma jerin allo yana ruɗarwa. Akan rubuta "run" daidai take da "jog", "sprint", "dash" da "flee", a wuce. Amma ta farko sassarfa ce ta mai motsa jiki, ta biyu sheƙawa ce da iyakar ƙarfi a gajeren zango, ta uku rugawa ce ta gaggawa, ta ƙarshe kuwa tserewa ce daga haɗari. Ba kuma ɗaya daga cikinsu da za ta zauna a gurbin "run" cikin zancen shago, inda "manage" ce ta dace, ko zancen famfo, inda ake bukatar "flow". Wato kafin a nemi 'yar'uwar kalma, sai an san wace ma'anarta ake nufi.

Turanci ya tara irin waɗannan kalmomi ne saboda tarihinsa. Bayan Normandawa daga Faransa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, Latin kuma yana hannun malaman coci da masana. Shi ya sa ake samun "ask" ta gida, da "question" da ta zo ta Faransanci, da "interrogate" mai asali daga Latin. Duk tambaya ce, amma ɗa ba ya yi wa mahaifinsa ta ukun, sai ɗan sanda ga wanda ake tuhuma. Mu ma mun san haka: akuya ta mutu, dattijo ya rasu, babban malami ya yi wafati, kuma wanda ya musanya su ya jawo wa kansa magana. Lokacin da likitan nan Peter Mark Roget ya fitar da taskarsa ta kalmomi a 1852, ya tara su ne rukuni-rukuni bisa kusancin tunani, bai ce tagwaye ba ne. Hatta masu shirya jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, abin da suke nema shi ne kalmar da ta fi kusa da ma'ana a cikin jimlar da aka bayar. Ɗalibin da ya haddace jeri tun firamare, a nan yake faɗuwa, shekara shida bayan ya bar hannunmu.

Mun san abin da 'yan'uwa za su ce, kuma suna da gaskiya. Aji ya cika ya batse, littafi ɗaya yara biyar, lokacin darasi gajere, manhaja kuma tana jiran a kammala ta kafin mai duba makarantu ya iso. A irin wannan hali jerin allo ne mafi sauƙin rubutawa da mafi sauƙin makawa. Sai dai ba cewa muke a koya wa ɗan aji huɗu ma'ana 645 ba. Uku ko huɗu sun isa, muddin kowacce ta zo cikin jimlarta. Kalma biyar a mako da yaro ya gani suna sauya kama sun fi ashirin da ya rera. Wannan ba ya bukatar ko kwabo, sai dai canjin yadda ake cika allo da yadda ake tsara tambayoyin gwaji.

Abin da ke bukatar kuɗi shi ne ƙamus, kuma a nan ne reshenmu yake da ta cewa. Akwai na Turanci zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990, wanda ke rarrabe ma'anonin kalma da misalai, akwai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Makarantu da yawa ba su da ko ɗaya, ko a ofishin hedimasta. Muna ba da shawara a sa wannan cikin bukatun da za a miƙa wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a zama na gaba, kusa da batun ƙarin girma da bashin albashi: ƙamus ɗaya a kowane aji daga huɗu zuwa shida, a kan teburin malami, inda hannun yaro zai kai. Iyaye kuma da ke karanta wannan mujalla, idan yaro ya dawo ya ce "run" gudu ce, a tambaye shi ya sa ta a jimla biyu da babu ƙafa a cikinsu.