Awa 48 na Mai Jego: Darasi daga Amurka ga Masu Inshorar Lafiya a Daura

A farkon shekarun 1990, mace kan haihu a asibiti a Amurka, kafin ta cika kwana ɗaya an sallame ta da jinjirinta. Kamfanin inshorar da ke biyan kuɗin gadon ne ke yanke ranar sallama, likita kuwa sai dai ya sa hannu. Wasu jariran sai an isa gida shawara ta bayyana a jikinsu, a sake kwasowa a guje.

Tsarin da ya jawo haka shi ne na kamfanonin HMO, wanda Shugaba Nixon ya sa wa doka hannu a 1973. Niyyar ba ta da laifi: ka riƙa zuba kaɗan-kaɗan tun kana da lafiya, kamfani ya tara, ya ƙulla yarjejeniya da asibitoci, ranar da ciwo ya zo ba sai ka sayar da gona ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ribar kamfanin tana cikin abin da bai kashe a kanka ba. Kowane kwanan gado da aka rage, kowane gwaji da aka hana, kuɗi ne ya zauna a aljihunsa.

Mata da likitoci suka yi ca, jihohi suka fara kafa dokoki, har a 1996 Shugaba Clinton ya sa hannu a dokar tarayya da ta hana kamfani biyan ƙasa da awa 48 bayan haihuwa, ko awa 96 in tiyata aka yi. A 2010 dokar lafiya ta Obama ta ƙara biyu: in kamfani ya ƙi biya, mara lafiya zai iya kai ƙara ga masu duba na waje da ba sa cin albashin kamfanin, kuma dole a kashe aƙalla kashi 80 na kuɗin da aka karɓa kan jinya. Har gobe Amurkawa na kuka da inshorarsu, kada wani ya ɗauka sun gama gyara. Amma duk abin da suka samu, sai da aka rubuta shi da lamba, aka kuma naɗa wanda zai hukunta.

Mu ma wannan tsarin muka ɗauko lokacin da Obasanjo ya ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, a 2005. A 2022 Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar NHIA da ta wajabta inshorar kan kowa, jihar Katsina kuma ta kafa tata hukumar taimakekeniyar lafiya a zamanin Gwamna Masari. Alheri ne babba, domin na san gidaje da dama da katin inshorar ya rufa wa asiri.

Sai dai ma'aikacin tarayya da ke riƙe da katin ya san sauran labarin. Shekaru da yawa naira 750 kacal ake ba asibiti a wata kan kowane mutum, ko ya zo ko bai zo ba, alhali farashin magani na ta hawa. Shi ya sa amsar da ya fi ji a tagar magani ita ce, "Babu shi, Malam, sai dai ka saya a kemis," shi da ya kamata ya biya kashi 10 kawai. Katin kuma mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ya ɗauka. Mai mata biyu da 'ya'ya goma, sauran sai ya ƙara kuɗi. Mafi ciwo shi ne lambar izini. In likita ya tura ka Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ba za a taɓa ka ba sai kamfani ya turo lambar, kana kwance ana ta buga waya. Wanda ya san labarin macijin rijiyar Kusugu bai buƙatar dogon bayani a nan: ga ruwa a rijiya, ga mai ƙishirwa, amma mai tsaron baki ya ce sai Juma'a.

A 2025 hukumar NHIA ta ƙara kuɗin da ake ba asibitoci, ta kuma ba kamfanoni wa'adin awa ɗaya su fitar da lambar. Wannan shi ne awa 48 ɗinmu, in har an tsare shi. Wa'adin da mara lafiya bai san da shi ba kuwa, ba mai cika masa shi.

Don haka ina roƙon shugabannin asibitocin Daura su liƙa wa'adin nan da Hausa da ajami a kowace taga, tare da lambar wayar kai ƙara. Wakilanmu a majalisar jiha su nemi a buɗe teburin koke a nan Daura, kada talaka ya yi tafiyar kusan kilomita 80 don a saurare shi. Kai kuma mai kati, ka rubuta lokacin da aka nemi lambar izininka, ka adana rasidin duk maganin da ka saya a waje, in awa ta wuce ka kai ƙara a rubuce.