Tsuke bakin aljihun gwamnati a kan mata yake ƙarewa

A farkon Fabrairun 2024, mata masu gurasa a Kano suka fito titi suna kukan tsadar fulawa. Bayan 'yan kwanaki matan Minna suka tare hanya a Kpakungu saboda yunwa. Duk wanda ya san matan Arewa ya san ba ƙaramin abu ke fito da su titi ba. Sai tura ta kai bango.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024. Aka saki naira, dala ta tashi daga kusan 460 ta wuce 1,500. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Gwamnati ta ce a yi haƙuri, gyara ake yi. Mu ma ba mu ce tsohon tsarin tallafin tsarkakakke ba ne. An ci amana a cikinsa. Abin da muke tambaya shi ne, wa aka ɗora wa kuɗin gyaran?

A leƙa gidaje a gani. Maigida ya ajiye kuɗin cefanen da ya saba, ya fita. Uwargida ce za ta zauna da lissafin da ba ya fita: a rage kwanon masara, a daina nama, a mayar da abinci sau uku zuwa biyu. Ita ke rabawa, ita ke ci a ƙarshe, wani lokaci ƙanzon tukunya ne rabonta, ko da tana da goyo. Gas ya gagara, kananzir ya fi shi gagara, an koma gawayi da itace, hayaƙin kuwa a ƙirjinta yake sauka. Mai ƙosai da mai awara sun ga wake da mai sun cinye jarin, adashe ya watse domin babu mai iya zubi. In aka rasa kuɗin makaranta, yarinya ake fara cirewa a ɗora mata tiren talla. Babu ofishin da ke rubuta wannan asarar.

Inda abin ya fi ci mana rai shi ne asibiti. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a nan Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Har yau gwamnatin tarayya tana kewayen kashi biyar. Adadin na ƙaruwa a takarda, amma faɗuwar naira ta cinye shi, abin da aka ware ma ba duka ake saki ba. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita. Mai ciki ta je awo, a miƙa mata takardar kayan haihuwa: safar hannu, auduga, reza, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, wani wurin har da kuɗin man janareta. Ta haɗa da kuɗin a-daidaita-sahu zuwa da dawowa, sai ta ce Allah ya kawo sauƙi, ta haihu a gida. In jini ya ɓalle tsakar dare, kafin a samo mota an makara. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Ga shi a 2025 Amurka ta janye mafi yawan tallafinta, wanda da shi ake riƙe da asibitocin tamowa da dama. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka mutu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Kowane ɗaya a cikinsu uwa ce ta yi jinyarsa.

Rabon tallafi bai share hawayen ba. Mata sun mutu a turmutsutsun karɓar zakka a Bauchi, ɗalibai mata biyu sun rasu wajen rabon shinkafa a Keffi, duk a Maris ɗin 2024. Tiyatar haihuwa kyauta da Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar a Nuwamban 2024 abin yabo ce, amma macen ƙauye sai ta isa babban asibiti kafin ta amfana.

Kuɗin da aka yi tsiminsa daga cire tallafin mai bai ɓace ba. Kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, don haka gwamnoninmu ba su da uzuri. Muna kira gare su da su sa awo da haihuwa su zama kyauta na gaskiya, da kayan aiki a ɗakin haihuwa, da ungozoma da ke kwana a asibitin kowace mazaɓa. A gyara rijiyoyin burtsatse kafin a aza harsashin wata gadar sama. 'Yan majalisun jihohi kuma, kada ku sa hannu a kasafin baɗi sai kun ga nawa aka saki wa lafiya a na bana.