GYARA KAYANKA: In Kwamfuta Ta Cije Tun Wajen Tashi

A watan jiya mun yi zance a kan kiwon batirin sola. Wannan wata kuwa tambaya guda ce ta yi ta zuwa mana daga Funtuwa, da Bakori, da Ƙanƙara, da Malumfashi, watau: an kunna kwamfuta, ta nuna tambarinta, 'yan ɗige-ɗige suna ta juyawa, daga nan sai ta cije, ba gaba ba baya. Me za a yi?

Tambayar ba ƙarama ba ce. Cikin akwatin nan ne ma'ajin ƙungiyar manoma yake ajiye lissafin wanda ya karɓi taki bashi da wanda ya biya. Da ita mai shagon buga takardu yake ci da iyalinsa. Tun 2015 kuma jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta ɗungum, saboda haka iyaye da yawa sun sayar da masara ko waken suya, sun sayo wa yara ta hannu domin su koya. Ran da ta ƙi tashi, hankalin gida duka yakan tashi.

Abu na fari, a kwantar da zuciya. Ran 19 ga Yuli, 2024, wani kamfanin Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa kwamfutoci gyara mai kuskure a ciki. Kamfanin Microsoft ya ce wajen kwamfuta miliyan 8.5 suka kasa tashi. Jiragen sama suka fasa tafiya, aikin bankuna da asibitoci ya tsaya cik. Duk da haka injunan ba su mutu ba. Fayil ɗaya tak aka shiga aka share, suka miƙe. Sau da yawa naku ma haka ne: ta cije, amma kayanku suna nan a ciki lafiya lau.

Yadda take tashi

Kwamfuta tana da rumbu, wanda masu gyara suke kira hadis. A nan ake ajiye kome da kome. Tana kuma da tabarmar shanya, watau ram, inda take baza abin da ta ɗebo daga rumbu domin ta yi aiki da shi. In an kunna ta, hawa uku take yi. Da fari wani ɗan tsari da ake kira bayos yakan ƙidaya kayan cikinta, kamar yadda maigida yake duba turke da asuba. Sa'an nan ta je rumbu ta nemo Windows. Na uku, Windows ta baje kanta a tabarma, ta tashi ma'aikatanta ɗaya bayan ɗaya. To, wurin da ta tsaya shi yake nuna inda ciwon yake. In ta tsaya a tambarin kamfanin da ya ƙera ta, kamar HP ko Dell, ɗige-ɗige ba su ko fito ba, a zargi kayan ƙarfe. In kuwa sai da suka fara juyawa ta cije, a zargi Windows ko rumbu.

Abin da za a yi a gida

1. A yi haƙuri tukuna. In tana rubuta cewa tana sabunta kanta, kada a kashe ta, ko da za ta ɗauki awa biyu. A sa mata caja a ƙyale ta. In akwai 'yar fitilar rumbu a gefenta tana ƙyaf-ƙyaf, aiki take yi.

2. A zare duk abin da aka soka mata: filash, da modem, da firinta, da katin ajiya, da wayar da ake caji a jikinta. Wani lokaci kwamfuta takan je neman Windows cikin filash, ta rasa, ta tsaya nan tana jira.

3. A danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 10 har ta mutu. A cire caja, a cire batir in irin mai cirewa ne, a sake danne maɓallin daƙiƙa 30 domin sauran wutar da ta maƙale ta fita. Kana a mayar da caja a kunna. Kada a gwada da ƙaramin janareta mai haki, gama wutarsa hawa da sauka take yi.

4. A leƙa bayos. Da an kunna, a yi ta danna F10 in HP ce, F2 in Dell ce, F1 ko F2 in Lenovo ce. A duba abu biyu. Shin sunan rumbu ya fito? In babu shi, ko dai ya saki daga mazauninsa, ko kuwa ya lalace. Shin kwanan wata daidai yake? In ya koma shekarun baya, ɗan batirin cikinta ya ƙare. Faɗinsa kamar kwabo ne, lambarsa galibi CR2032, kuɗinsa kuwa kaɗan ne. Kada a sāke wani abu a bayos in ba a san shi ba. A duba kawai a fita.

5. A sa ta auna kanta. A Dell a danna F12 lokacin tashi a zaɓi gwaji, a HP kuwa a danna Esc, sa'an nan F2. Za ta gwada rumbu da ram, in akwai ciwo ta ba da lamba. A rubuta lambar a takarda domin mai gyara.

6. In kayan ƙarfe lafiya suke, a kira likitan Windows. A Windows 10 da 11, a kunna, da ɗige-ɗige sun fito a danne maɓalli har ta mutu. A yi haka sau biyu, na uku a bar ta ta tashi. Shuɗin shafi zai fito. Rubutun da Turanci yake, sai a kira ɗan makarantar gidan ya karanta. A shiga ƙarin zaɓi, a nemi mai hoton sukuddireba da sifana, a sake shiga ƙarin zaɓi. A nan akwai magani huɗu, a bi su bi da bi: gyaran tashi, cire sabon gyaran da ya shigo kwanan nan, mayar da kwamfuta yadda take a wata rana da ta wuce, da kuma tashi da ma'aikata kaɗan, wanda ake kira sef mod. Domin wannan na ƙarshe, a zaɓi tsarin tashi, a sake kunnawa, a danna 4. Mai tsohuwar Windows 7 kuwa F8 zai yi ta dannawa tun farkon tashi.

In ta tashi cikin sef mod, kada a tsaya murna. Nan da nan a soka filash a kwashe takardu da hotuna tukuna. Bayan haka a cire manhajar da aka sa mata kafin ciwon ya fara, gama yawanci ita ce mai laifi.

Lokacin da za a dakata

In an kasa kunne aka ji rumbu yana ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango, a kashe ta, kada a ƙara kunnawa. Cikin tsohon irin rumbu akwai faifai mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da allura tana shawagi a kansa. In allurar ta fara gurzar faifan, kowane kunnawa yana ƙara cinye kayanku. Haka kuma in an ji ƙauri, ko aka ga batir ya kumbura ya ɗaga madannai, a cire caja a kai ta wurin gwani.

Wurin mai gyara

A nan ne mutanenmu suke yin babbar hasara. Hanya mafi sauri ga mai gyara ita ce ya share rumbu ya zuba sabuwar Windows, abin da ake cewa fomat. Kwamfuta takan tashi garau, amma lissafin shekara uku ya tafi. Ba mugunta ce ta sa shi ba, ba a gaya masa ba ne. Saboda haka tun kafin ya taɓa ta a ce masa, "Malam, kayan ciki sun fi mini injin. A kwashe mini su tukuna, in gani da idona." Yana iya zare rumbun ya haɗa shi da wata kwamfuta, ko ya tashe ta da filash mai Ubuntu ya kwafe kome. In rumbun a kulle yake da BitLocker, za a bukaci mabuɗi mai lamba 48, wanda yawanci yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar. A roƙe shi kuma ya zare ram ya goge ya mayar, gama jijjigar babur a hanyar ƙauye takan sassauta shi. In aikin ya fi ƙarfin na gari, akwai gwanaye a Zariya da titin Beirut a Kano. In za a sāke rumbu, a sayi sabon iri da ake kira SSD. Ba abin da yake juyawa a cikinsa, ya fi sauri, ya kuma fi jimre girgiza.

Rigakafi

Ƙasarmu ƙasar auduga ce da hatsi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ga ƙurar hunturu, ga ƙaiƙayin sussuka, ga gashin auduga a iska. Duk wannan fankar kwamfuta take zuƙa, har hancinta ya toshe. Da zafin Maris da Afrilu ya shigo sai ta yi zafi, ta cije ko ta kashe kanta. A riƙa rufe ta da tsumma mai tsabta in an gama aiki, a kai a hure mata ƙura kowace shekara bayan hunturu. Kada a ɗora ta a katifa ko matashi, gama ta ƙasa take shan iska. Mai kwamfutar tebur ya nemi sitabilaiza da UPS, domin ɗauke wuta tana tsakiyar sabunta kanta yana daga manyan abubuwan da suke kawo wannan ciwo. A kashe ta ta hanyarta, a bar fizge waya daga bango. A sani kuma, Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairu 2020, Windows 10 kuwa wa'adinta ya cika ran 14 ga Oktoba, 2025. Mai shirin sayen ta hannu ya tambaya ko tana ɗaukar Windows 11.

Mafi girma duka, manomin kirki ba ya zuba irin shukarsa a rumbu ɗaya. Kowace Asabar a kwafe muhimman takardu a filash, a ajiye shi a wani ɗaki dabam. Lissafin kuɗin ƙungiya kuwa a buga shi a takarda ƙarshen kowane wata, ma'aji ya riƙe ɗaya, shugaba ya riƙe ɗaya. Wanda ya yi haka, ko kwamfutarsa ta mutu murus, injin kaɗai ya rasa.

A wata mai zuwa za mu duba yadda ake gane cajar kirki da ta jabu. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai mu.